Me zan ci idan jirgi ya zaunar da ni a ƙaramin fili?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan hau jirgi daga garinmu zuwa Abuja. Filin ƙarami ne, shagon abinci ɗaya ne tal. Kwanaki hazo ya zaunar da mu tun hantsi har bayan la'asar, ga ni da ciwon suga. Yaya zan gane abincin da zan ci hankali kwance?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara afuwa. Matsalar ƙaramin fili ita ce rashin ciniki. Inda jirgi ɗaya ko biyu ke sauka a yini, mai shago kan dafa da asuba, abincin ya yi ta jiran fasinja. Kuma filaye irin na Lawanti a Gombe ko Ambursa a Kebbi suna wajen gari, ba inda za ki leƙa ki dawo.

Mu a aikin duba-gari, zafi muke fara dubawa kafin tsabtar faranti. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Celsius, shi ya sa dafaffen abincin da ya haura awa 2 a ajiye ba wuta ba firij abin gudu ne. Ki sa a buɗe kular a gabanki. In tururi bai taso ba, ki haƙura, musamman shinkafa, domin gubar da kan taru a cikinta ɗumame ba ya kashe ta. Akwatin gilashin nan mai ƙwan lantarki da ake jera mitfai a ciki shi na fi tsoro: ɗumi-ɗumi kawai yake yi, in an ɗauke wuta ma shi ke nan. Salak mai mayonis da yankakkiyar kankana kuwa, ki bar su sai kin isa gida.

Kafin ki shiga wurin bincike, ki tambayi masu tura kaya ko direbobin tasi inda suke cin na rana. Sau da yawa akwai mai tuwo ko mai shayi a bakin ƙofa, tukunya a kan wuta, ana saukewa ana cinyewa. Ni dai na fi amincewa da ƙwan da aka soya ina kallo.

Amma ke da ke shan magani, kada ki jingina da kowa daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rikita tashin jirage. Ki yi guzurin soyayyar gyaɗa, aya, kilishi ko dambun nama. Ki ware dabino biyu ko uku saboda in kin ji rawar jiki da zufa, alamar suga ya sauka. Magani da na'urar gwaji su zauna a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba.

Ruwa ki sayi na gora mai lambar NAFDAC, ki duba murfin ba a taɓa karya shi ba. Wake da lemon kwalba ki ɗaga musu ƙafa ranar tafiya, don iskar ciki kan ƙara kumbura idan jirgi ya yi sama.