Rajistar Asibiti da Sauyin Yanayi

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara. Kowane wata muna cike rajistar marasa lafiya mu aika sama. Shin wannan wahala tana da wani amfani wajen tunkarar sauyin yanayi?

Amsa: Tana da amfani ƙwarai, 'yar'uwa. Zazzaɓin cizon sauro damina yake bi, shi ya sa a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata a lokacin ruwa. To idan damina ta makara ko ta zarce, adadin yaran da kike rubutawa da zafin jiki, in aka haɗa shi da hasashen hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, shi zai nuna watan da ya kamata a fara rabon maganin da watan da za a tsaya. Haka ma sanƙarau, wanda yake tashi da ƙurar hunturu da zafin bazara.

Abin da yake damuna shi ne a karɓi alƙalumanku a yi shiru. Ki nemi jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku ya riƙa dawo muku da sakamakon, domin haƙƙinku ne.