In yi wa jif ɗina fenti kafin in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Highlander ƙirar 2008, shekara shida tana ɗaukar iyalina. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 take neman fin ƙarfina, shi ya sa nake son in sayar in sayi ƙarama. Wani dillali ya ce in sake mata fenti don ta yi daraja. In yi? Daga mai karatu a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka yi. Kuɗin fentin ba zai dawo ba, zargi ma zai jawo maka. Da mai saye ya ga mota mai shekaru tana sheƙi, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ta taɓa yin haɗari. Sai ka ga bakanikensa yana bin jikinta da maganaɗisu, yana ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, yana neman inda aka cike da fila, wato abin da ake toshe lotsewar jikin mota da shi kafin fenti. Fentinta na asali, ko da ƙujewar mashin a gefe, ya fi kwantar masa da hankali.

Kai kuɗin inda za a ji amfaninsu. Juye baƙin mai, a duba birki, a tabbata esi yana sanyi, domin a zafin Gombe nan hannun mai saye ke fara zuwa. A wanke kujeru sosai, motar da yara suka shiga shekara shida ba ta ɓuya. Idan giya tana fizga ko inji yana shan baƙin mai, faɗa da bakinka tun kafin a yi ciniki. Shan fetur kuwa, wanda ya zo neman inji V6 mai lita 3.5 ya riga ya sani. Mai iyali da yawa da ke zuwa ƙauye da damina shi ne mutuminka.

Takardu ne suka fi damuna. Na sha ganin an gama ciniki ya rushe saboda babu takardar kwastam. Fito da ita yau, ka gwada lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da wadda ke rubuce a takarda. Lasisi, inshora da shaidar mallaka duk su kasance ba su ƙare ba.

Ku yanke la'ada da dillali tun farko. In za a gwada mota, ka zauna a ciki. Kada saƙon alat ya sa ka miƙa makulli, sai ka ga kuɗin a asusunka.

Sannan ku rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ka riƙe kwafi da hoton katin shaidar mai saye, ku je ofishin lasisin motoci tare a canza sunan mai mota. Muddin lambar motar tana kan sunanka, duk abin da aka aikata da motar ƙofarka 'yan sanda za su fara zuwa.