Ya fi kowa yawan ambato amma Nobel ta tsallake shi: me ya faru da Robert Gallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin nazarin ƙananan ƙwayoyin cuta. Wajen haɗa babi na biyu na aikina, duk inda na juya sai na ci karo da sunan Robert Gallo, masanin bairas ɗan Amurka. Na karanta cewa tsakanin 1980 da 1990 babu masanin kimiyyar da aka fi kafa hujja da rubuce-rubucensa a duniya kamarsa, kuma maƙalolinsa sun haura dubu. Amma da aka tashi ba da kyautar Nobel kan gano ƙwayar HIV a 2008, Faransawa aka ba. Son kai aka yi, ko kuwa yawan maƙaloli da yawan ambato ba sa nuna komai?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika karanta gaskiya ne. Cibiyar ISI ta Amurka, wadda Eugene Garfield ya kafa domin ƙirga yadda masana ke ambaton ayyukan junansu, ita ce ta sa Gallo a sahun farko na waɗannan shekaru goma. Kuma ba ɗaurin gindi ne ya kai shi wurin ba. Sai dai abin da masu ƙirga suke aunawa daban, abin da kwamitin Nobel yake tambaya daban.

Mu fara da inda ambaton ya fito. A 1976, a ɗakin binciken Gallo da ke Cibiyar Nazarin Sankara ta Amurka, Doris Morgan da Frank Ruscetti da shi kansa suka wallafa a mujallar Science cewa sun samo wani sinadari da ke sa fararen ƙwayoyin jini na rukunin T su ci gaba da rayuwa suna hayayyafa a cikin kwalba. Shi ne aka sa wa suna IL-2 daga baya. Kafin nan, ƙwayoyin nan ba sa daɗewa a waje da jiki, kwana kaɗan sai su mutu, ga shi kuma bairas ba ya hayayyafa sai a cikin rayayyar ƙwayar halitta. Da wannan dabara ce a 1980 suka ciro HTLV-1, retrobairas (wato bairas mai mayar da RNA ɗinsa DNA a cikin ƙwayar da ya shiga) na farko da aka tabbatar yana kama ɗan'adam, wanda ke haddasa wani nau'i na sankarar jini. Bernard Poiesz ne sunan farko a wannan maƙala. HTLV-2 ya biyo baya a 1982.

To, duk wanda ya yi aiki da ƙwayoyin T a shekarun nan, a kowace ƙasa yake, dole ya rubuta inda ya samo dabarar. Kamar mai injin niƙa ne a gari: masu tuwo da masu kunu da masu ƙosai duk ta wurinsa suke bi. Haka ambato yake, ya fi taruwa a kan kayan aiki. Maƙalar da ta daɗe tana riƙe da kambun yawan ambato a tarihin kimiyya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, kan yadda ake auna furotin a cikin ruwa, an ambace ta sama da sau 300,000. Ta Watson da Crick kan sifar DNA, wadda kowane ɗan sakandare ya ji labarinta, ko kusa da ita ba ta zo ba.

Yanzu batun HIV. A Janairun 1983, wani likita a Paris, Willy Rozenbaum, ya aika wa Cibiyar Pasteur ɗan yankin kaluluwar wani majiyyaci da ake zaton yana matakin farko na cuta mai karya garkuwar jiki. Luc Montagnier ya shuka ƙwayoyin a kwalba, Françoise Barré-Sinoussi kuma, wadda ke aiki a ɗakin binciken Jean-Claude Chermann, ita ce ke ɗibar ruwan duk bayan 'yan kwanaki tana neman alamar sinadarin da retrobairas ke amfani da shi wajen mayar da RNA ɗinsa DNA. Alamar ta bayyana, ta hau, can kuma sai ta fara sauka, domin ƙwayoyin jinin da ke cikin kwalbar mutuwa suke yi. Nan ne aikin ya kusa salwanta. Suka nemo sababbin fararen ƙwayoyin jini daga wani mai ba da jini suka zuba, alamar ta sake tashi. Wannan mutuwar ita ce babbar shaida cewa baƙon nasu ba HTLV ba ne, tun da HTLV sa ƙwayoyin yake yi su yi ta ƙaruwa ba tsayawa.

Maƙalarsu ta fito a Science ranar 20 ga Mayun 1983, sunan Barré-Sinoussi a farko, na Montagnier a ƙarshe. Majiyyaci ɗaya ne tal, kuma su da kansu sun rubuta cewa ba a tabbatar ba tukuna ko bairas ɗin ne ke jawo cutar. Wani abin lura kuma, da IL-2 suka raya ƙwayoyin nasu, da kayan gwajin da Gallo ya aiko musu suka nuna bambancinsa da HTLV. A cikin wannan fitowar ta mujallar, shi Gallo yana bin sawun HTLV-1 ne a matsayin abin zargi, kuma sawun bai kai shi ko'ina ba.

Shekara guda bayan haka, a Mayun 1984, ɗakin binciken Gallo ya fitar da maƙaloli huɗu a tashi ɗaya a Science. Sun ciro bairas ɗin daga mutum 48, Mikulas Popovic ya samo layin ƙwayoyin da bairas ɗin zai yi ta hayayyafa a ciki ba tare da ya kashe su duka ba, suka kuma nuna cewa jinin mafi yawan masu cutar yana ɗauke da shaidar kamuwa. Waɗannan maƙaloli ne suka gamsar da duniya cewa ga sanadin cutar, kuma su ne tushen gwajin jinin da Amurka ta amince da shi a Maris na 1985. Ki tuna cewa kafin gwajin nan, ledar jinin da ake ƙara wa mai haihuwa ko wanda ya yi hatsari babu mai iya tantance ta.

Rigimar da ta biyo baya ba ta da daɗin ji. Cibiyar Pasteur ta kai ƙara a 1985 kan haƙƙin mallakar gwajin, sai a 1987 shugaban Amurka Ronald Reagan da firaministan Faransa Jacques Chirac suka sanar da sulhu. A 1991 binciken jerin ƙwayoyin gado ya nuna cewa bairas ɗin da Amurkawa suka gina gwajinsu a kai ya samo asali ne daga samfurin da aka aiko daga Paris, wanda ya gurɓata kwalabensu. Gallo ya amsa hakan a wasiƙar da ya aika wa mujallar Nature. Hukumar sa ido kan amanar bincike ta Amurka ta tuhume shi, daga baya ta janye tuhumar a 1993.

Saboda haka da kwamitin Nobel ya zauna a 2008, tambayarsa ita ce wa ya fara ciro bairas ɗin, amsar kuma tana Paris. Ga shi ƙa'ida ba ta yarda a raba kyautar ga fiye da mutum uku ba, rabinta kuma ya tafi ga Bajamushe Harald zur Hausen, wanda ya gano cewa bairas ɗin HPV ne ke haddasa sankarar bakin mahaifa. A ganina kwamitin bai yi kuskure ba a tambayar da ya zaɓa. Amma da ni ce mai zaɓen tambayar, da na haɗa HTLV-1 da IL-2 da hujjar 1984 na ce sun isa kyauta tasu ta kansu. Montagnier ma ya nuna mamakinsa da aka bar Gallo a waje. Lambar Lasker dai, wadda ita ce mafi daraja a fannin likitanci a Amurka, sau biyu Gallo ya karɓe ta, a 1982 da 1986. Idan ana lissafin waɗanda aka tsallake, ni Chermann ya fi ba ni tausayi: a ɗakinsa aka yi gwajin, sunansa na kan maƙalar, amma ba safai ake tunawa da shi ba.

Akwai kuma abin da lissafin ke ɓoyewa game da maƙaloli dubu. Ba mutum ɗaya ke zama ya rubuta su ba. A al'adar fanninmu, sunan farko na wanda ya yi aikin da hannunsa ne, sunan ƙarshe na shugaban ɗakin bincike ne, mai nemo kuɗi da tsara alkibla. Injin ƙirga kuwa kowane suna cikakken maki yake ba shi. Shugaban da ke da ma'aikata masu yawa, gumin kowannensu a shafinsa yake taruwa. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 bai magance wannan ba. Idan aka ce h ɗin mutum 40 ne, ana nufin yana da maƙaloli 40 da kowacce aka ambata aƙalla sau 40. Ma'auni ne mai son tsufa da yawan abokan aiki, kuma ba ya sauka ko mutum ya daina bincike.

Ba ya kuma bambanta yabo da suka. Maƙalar rukunin Didier Raoult ta 2020 kan maganin hydroxychloroquine da korona an ambace ta sau dubbai, da yawa daga masu ambaton ƙaryata ta suke yi, kuma mujallar ta janye ta a Disamban 2024. A ɗaya ɓangaren, jerin ƙwayoyin gadon bairas ɗin korona da Zhang Yongzhen da Edward Holmes suka saki a intanet a Janairun 2020 ba maƙalar mujalla ba ce a lokacin, amma a kansa aka fara ƙera kayan gwaji da rigakafi.

Tasirin Gallo ma akwai wanda ba a Google Scholar za ki gan shi ba. Cibiyar nazarin bairas ta ɗan'adam da ya kafa da abokansa a Baltimore a 1996 ita ce uwar IHVN, cibiyar nazarin bairas ta ɗan'adam ta Najeriya, wadda aka kafa a Najeriya a 2004, take kuma aikin gwaji da kula da masu HIV da tarin fuka.

Game da babinki na biyu, kada ki rubuta cewa Gallo ne ya gano HIV, kada kuma ki share shi. In kina maganar wanda ya fara ciro bairas ɗin, maƙalar Barré-Sinoussi ta 1983 za ki ambata. In hujjar cewa shi ne sanadin cutar kike so, ko asalin gwajin jini, sai ki koma ga maƙalolin 1984, ki kuma duba da kyau, domin wadda ta yi bayanin layin ƙwayoyin da sunan Popovic ta fara. Ki buɗe su ki karanta da idonki kafin ki sa su a jerin madogara, gajeru ne, kowacce ba ta wuce 'yan shafuka ba.