Amsa ga ƙanwarmu da ta ji ƙullutu a nono

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ce shekarunki 34, kin ji ƙullutu a nonon hagu tun bayan yaye, ba ya ciwo, kuma surukarki ta ce daji ne, kada ki yarda a sa miki allura. Ki shirya ki je asibiti a makon nan. Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren mata, kuma rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane. Sankarar mama shiru take yi a farkonta, ranar da ta fara zogi galibi ta riga ta yi nisa.

Kada dai hankalinki ya tashi. Yawancin ƙullutun da ake samu a nono ba sankara ba ne, musamman a shekarunki. Wani ruwa ne ya taru, wani ɗan tsiro ne mai santsi da ke zillewa in an taɓa shi. Amma hannu ba ya rarrabewa, ko nawa ko na likita. Mai shekarunki sikanin ake fara yi mata, don naman nonon yana da kauri. Hoton mamogiram, wato hoton X-ray na nono, ya fi amfani daga shekara 40 zuwa sama. In sun ga alamar da ba su yarda da ita ba, sai a kashe wurin, a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji.

Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe kuwa, na san inda ta samo asali. Mace za ta shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai nonon ya fashe yana wari a kawo ta, a yi aiki, bayan 'yan watanni ta rasu, dangi su ce wuƙa ce ta tayar da shi. Ai kafin wuƙar ya riga ya kai huhu ko ƙashi. Na wanke irin wannan gyambon da hannuna, da sauran garin magani baƙi manne a jiki. Na kuma ga waɗanda suka zo da ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, aka cire, yanzu suna aurar da 'ya'ya. Addu'a a ci gaba da yi, ba ta hana gwaji.

Sauran 'yan uwa da ke karantawa, ku riƙa duba kanku sau ɗaya a wata, kwanaki kaɗan bayan ɗauke al'ada, lokacin wankan tsarki ya fi sauƙin tunawa. Da cikin yatsu uku ake bi, har cikin hammata, don can ma kaluluwa ke fitowa. A madubi a lura ko kan nono ya shige ciki, ko fata ta yi ramu-ramu, ko jini na fita. Mai shayarwar da nononta ya kumbura, ta sha magani bai saɓe ba, ta koma asibiti.

Shayarwa tana rage haɗarin, motsa jiki ma haka, ƙiba bayan daina haila tana ƙara shi. Amma na ga mai 'ya'ya takwas da ta kamu, don haka kada haihuwa ta sa a saki jiki. Wadda mahaifiyarta ko yayarta ta yi ciwon ta faɗa wa likita, a fara duba ta da wuri.

Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke, in da buƙata za su tura ki irin Asibitin Malam a Kano ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. Ki tafi da maigida ya ji daga bakin likita, zai fi sauƙin shawo kan Hajiya. Allah Ya sa mu ji alheri.