UPS ko sabon SSD: wanne zai hana fayil lalacewa idan an ɗauke wuta?

Tambaya: Ina da kwamfuta mai Linux a shagona na sayar da magani a Zariya, a ciki nake lissafi. In aka ɗauke wuta ina cikin aiki, wani lokaci sai in tarar da fayil ɗin da na adana wayam. Wani ya ce in sayi SSD, wani ya ce UPS, kuɗin ɗaya kuma gare ni.

Amsa: Malam, sayi UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta.

Idan ka adana fayil, ba nan take yake sauka kan faifai ba. Linux kan riƙe shi a RAM, ma'ajin wucin gadi da ke gogewa in wuta ta yanke, har wajen daƙiƙa 30 ma. Abu biyu ne kuma za a rubuta: abin da ke cikin fayil, da bayanan da ke nuna sunansa, girmansa da inda yake kwance. Wanda za a fara rubutawa a cikinsu, nan gizo ke saƙar. Kamar mai sito ne da ya rubuta a littafi cewa buhu yana ɗaki na uku tun kafin ɗan dako ya shigar da shi. In aka kira su ana tsaka da haka, littafin ya yi ƙarya ke nan.

Shi ya sa ext4, tsarin jera fayiloli a faifan Linux, yake amfani da data=ordered: sai abin cikin fayil ya sauka, sannan a tabbatar da bayanansa a kundin ajiyar canje-canje, wanda ake saukarwa kan faifai duk daƙiƙa 5. Wannan yana hana faifan rikicewa, amma bai yi alkawarin ceto aikinka na ƙarshe ba. A 2009 masu ext4 sun yi ta kukan fayil wayam irin naka, har Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya sa gyara a Linux 2.6.30. Gyaran ya shafi fayil ɗin da ake maye gurbinsa ne. Sabon fayil kuwa, in manhajarka ba ta kira fsync ba, wato umarnin a sauke shi kan faifai nan take, yana iya tashi fanko har gobe.

SSD na kasuwa, wato faifan zamani mai sauri, ba zai magance wannan ba, don abin da ya ɓata bai ma iso gare shi ba. Akwai masu ɗan ma'ajin lantarki da ke ƙarasa rubutu bayan yankewar wuta, amma na manyan sabar ne, da tsada, kuma abin da ke cikinsu kawai suke karewa.

Nemi UPS mai wayar USB, ka sa manhajar NUT ko apcupsd, ta kashe kwamfutar cikin tsari kafin batir ya ƙare. Kuma in wani gwani ya ce ka sa wa ext4 zaɓin nobarrier ko data=writeback don ƙarin gudu, ka ce masa ka gode. Tsarin wane kafin wane ɗin nan ne yake so ka kwance.

Tambaya: Filas ɗina, exFAT zan yi masa ko NTFS?

Amsa: Duka biyun tsarin jera fayiloli ne. In za ki riƙa sa shi a Windows da Mac, exFAT ya fi sauƙi, Hajiya. Sai dai ba shi da kundin canje-canje irin na NTFS, don haka kada ki fizge shi ana cikin kwafi. Ki danna cirewa tukuna, ki jira kwamfutar ta ce an gama.