Ta Yaya Za Mu Koya wa Jama'a Lambun da Ba Ya Cin Ruwa?

Ka tambayi yadda za ku fara koya wa mutanen unguwa yin lambu da tsirran da asalinsu na yankin ne, ba tare da ɓarnar ruwa ba. Shawarata, ɗan'uwa, kada ku fara da dogon jawabi. Ku nemi ɗan fili inda kowa ke wucewa, ku raba shi biyu. Gefe ɗaya a lulluɓe ƙasarsa da busassun ganyaye da ciyawa, kaurin santimita 5 zuwa 8, ɗayan a bar shi a buɗe. Kwana uku bayan ban ruwa, kowa ya tura yatsa cikin ƙasa ya ji bambancin da kansa.

Abin da nake so ku nanata shi ne, tsiron gida, wato wanda asalinsa na yankin ne, shi ma yana bukatar ruwa a shekararsa ta farko, kafin saiwarsa ta nutse. Da yawa sukan ji an ce yana jure fari, sai su dasa su manta da shi, ya bushe, su ce yaudararsu aka yi. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. A ba shi ruwa ya ratsa ƙasa sosai, sannan a ɗaga masa ƙafa na 'yan kwanaki. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Da sassafe ya fi, kafin rana ta shanye danshin.

Tsirrai masu son ruwa da yawa kuma a haɗa su wuri guda.

Ku gayyaci dattawa, su suka san sunayen tsirran da lokacin da irinsu ke nuna. Iri za ku tsinta, kada ku tumɓuke tsiro daga daji.