Me Ya Sa Kamarata Take Karkarwa Idan Na Murza Ƙwallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon bukukuwa ne a Damagaram, kuma burina shi ne in ɗora kamara a kan soro ranar hawan Sallah, in riƙa juya ta daga ƙasa yayin da dawakai suke nufar ƙofar fada. Na haɗa allon Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni, da injunan sarbo biyu samfurin MG996R, ƙananan injuna masu juyawa zuwa kusurwar da aka umarce su, ɗaya na juya ta hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa, sannan na jona tsohon linzamin kwamfuta mai ƙwallo a samansa. Da na murza ƙwallon sai kamarar ta kama karkarwa, wani lokaci ma allon ya ɗauke ya sake tashi. Ina kuskuren yake? Daga wani makaranci, unguwar Sabon Gari.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗaukewar da allon yake yi ita ta tona asirin matsalar, domin alama ce ta cewa injunan suna shan wuta ta jikinsa. Wayar USB da ke ciyar da Uno ba ta ba shi fiye da rabin amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja, alhali MG996R guda ɗaya, idan nauyi ya danne shi, yana iya jan sama da amfiya 2. Ka ga kenan an ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi: da zarar injunan biyu sun yunƙura tare, wutar sai ta faɗi, ƙwaƙwalwar allon ta suma ta farfaɗo. Ka ware wa injunan tasu wutar, bolt 5 zuwa 6 mai ɗaukar aƙalla amfiya 5, amma lalle ka haɗa baƙar wayarta, wadda masu gyara ke kira mas, da ta allon, domin idan ba su haɗu ba saƙon da allon ke aikawa zai zama shirme a wajen injin, karkarwar kuma ta ƙaru.

Abu na biyu ya shafi ƙwallon kansa, kuma nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe. Linzami mai filogin PS/2, wato zagayayyen filogin tsofaffin linzamai, ba ya faɗin inda ƙwallon yake, sai dai yawan motsin da ya yi tun bayan rahotonsa na baya. Saboda haka dole manhajarka ta riƙe matsayin kamara a ranta, ta riƙa ƙara ko rage abin da ya shigo bayan ta raba shi kashi huɗu ko takwas don motsin ya ragu, ta kuma sa iyaka kada lissafin ya zarce digiri 0 zuwa 180, wato iyakar juyawar injin. Cikin umarni biyu da manhajar Arduino ke juya sarbo da su, ni da kaina na fi son writeMicroseconds a kan write, saboda yana motsa injin da taku mai laushi, wanda mai kallo zai ga bambancinsa idan ka jawo fuskar mahayi kusa.

Kada ka raina ƙurar hunturu. Ka ciro ƙwallon, ka duba ƙananan maɗaukan da yake zaune a kansu, za ka tarar da datti ya daskare kamar ƙanzon tukunya. Ka goge su da tsumma mai tsabta.

Game da soro kuwa, wayar linzami da ta sarbo ba a yi su don tafiya mai nisa ba. Ka samo allon Arduino na biyu, ka ajiye ɗaya kusa da kamara, ɗaya a hannunka, ka sada su da ƙananan allunan MAX485 guda biyu ta murɗaɗɗiyar waya, irin hanyar RS-485 da kamarorin tsaro ke amfani da ita, wadda ke iya kai saƙo har kusan mita 1,200. Kafin ranar hawan, ka gwada komai da rana tsaka, da kamarar a ɗore da cikakken nauyinta, kuma ka yi wa allon saman inuwa.